Ranar da Na'ura Ta Ƙi Hannun Inna

Ni dai gaskiya ban yi niyyar fita zaɓen da ya wuce ba. Na gaji. Na tsufa da alli a hannu a wata firamare a Gummi, kuma duk zaɓen da aka yi tun ina budurwa na je na dangwala, amma har yau idan hadari ya taso sai ni da ɗalibaina mu naɗe tabarmi mu takure a lungu ɗaya saboda yoyo. 'Yan mata su cika min aji a farkon shekara, kafin damina ta faɗi rabi sun ɓace. Wasu talla ta ɗauke su, wasu kuma iyayensu ne suka ji tsoro tun da aka fara kwashe ɗalibai daga makarantu. Ban ga laifin iyayen ba, ni ma uwa ce. Saboda haka da aka fara yawo da lasifika ana bin mata gida-gida da taliya da sabulu, sai na ce wa raina wannan karon ina ɗakina, wanda ya ci ya ci.

Inna ce ta ɓata min shiri. Mahaifiyata ke nan, kuma a wurina take zaune tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Ciwon ya nannaɗe mata hannun hagu, ya sa tana jan ƙafa, ya karkatar mata da baki gefe guda. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Anka, ba nisa da Sunke, amma yanzu babu kowa a cikinsa, 'yan bindiga sun tashe shi. A can muka yi rajistar zaɓe ni da ita shekarun baya, kuma lalaci bai bar ni na mayar da tawa Gummi ba. Wata safiya tana zaune da rediyonta a cinya, sai aka sanar cewa akwatunan ƙauyukan da suka watse za a ajiye su a cikin garin Anka. Ta rage muryar rediyon ta dube ni.

"Yaushe mu ka tahiya Anka?"

Na yi kamar ban ji ba, ta sake tambaya. Nan na buɗe baki na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na tuna mata hanyar, na tuna mata ƙafarta, na tambaye ta wane ne a cikin waɗanda ta zaɓa ya taɓa zuwa ya dube ta da jiki. Na ce ita da ba ta iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe ta, me ya yi zafi. Ta bar ni na gama tas, kamar yadda takan bar ni tun ina yarinya, sannan ta ce ita ba don su take zuwa ba.

"Can ɗai na anka maishe mu ɗaya da mai boko. Shi ma dole shi aje biro nai shi dangwala awa ni."

Wannan maganar na san tushenta, don na ji labarin har na haddace. Inna tana cikin matan da suka fara jefa ƙuri'a a nan Arewa. Kafin nan maza kaɗai ke yi, alhali matan Kudu sun daɗe da samun dama. Sai lokacin da soja ke shirin miƙa mulki karo na farko aka ce mata ma su fito. An ce ina riƙe da gefen zaninta ranar, ni ban tuna ba. Abu biyu ta gani da ba su bar ta ba. Na farko hedimastan garin, mai jerin biro a aljihu, ya fito daga ɗakin ƙuri'a da yatsa baƙi ƙirin da tawada, daidai irin nata. Na biyu wata mata da aka kawo daga birni tana zaune a kan kujera a gaban layin mata tana karanta sunaye, dattawan gari suna tsaye suna jiran ta gama. Inna ta koma gida ta tasa babanmu gaba a kan sai an sa ni boko. Ya ce 'ya'ya mata na gidanmu ba sa zuwa. Ba ta yi faɗa da shi ba, naci kawai ta sa masa safe da yamma, har ya gaji ya ce a kai ni ya huta.

Tun daga nan ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Har zamanin ƙato-bayan-ƙato, da ake jeruwa a fili bayan hoton ɗan takara kowa na kallon kowa, ta fita ta tsaya a rana a layin da ranta ke so. Kuma ita ranar zaɓe ranar ado ce. Takan yi ƙunshi, ta yi kitso, ta fito da zanin da ke ƙasan akwati, kamar za a je idi.

To, yaya zan yi da irin wannan tsohuwa? Na haƙura. Na dai gaya mata an yi ta gargaɗi a rediyo cewa na'urar tantancewa ba ta son lalle a kan yatsu. Ta ce ta ji da kunnenta, ba sai na fassara mata ba. Ta sa maƙwabciyarmu ta yi mata ƙunshi a ƙafa da tafin hannu, aka bar kan yatsun fari fat. Maƙwabciyar tana yi tana dariya, tana cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin lalle mai tsoron gwamnati ba sai wannan.

Ana gobe zaɓe muka shiga mota, tunda ranar ba a barin ababen hawa su yi zirga-zirga. Wanda ya san hanyar Gummi zuwa Anka a shekarun nan ya san yadda ake bin ta. Da mun ratsa ƙasar Bukkuyum hira ta mutu a motar, direba ya kashe rediyo, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Ni ina ta kallon daji ta taga, ina jin haushin kaina da na biye mata. Inna kuwa barci ta yi a kafaɗata, da katinta ɗaure a bakin mayafi. Muka sauka gidan wata 'yar uwarmu a Anka.

Da safe muka taka zuwa makarantar da aka ajiye akwatinmu. Wurin ba nisa, amma da tafiyar Inna sai da rana ta ɗaga kafin mu isa. Layin mata ya ninka na maza, kamar kullum. Mu ne ke cika layi, su ne ke cika kujeru, wannan kuma ba yau aka fara ba. A layin na ga fuskokin ƙauyenmu da na daɗe ban gani ba, matan da suka watsu a kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin gari. Aka yi ta gaisuwa, ana yi wa juna jaje da ta'aziyyar da ta kwana biyu ba a samu yi ba. Da suka ga Inna sai suka dare, suka ce tsohuwa ta wuce gaba. Wata ta tsokane ta cewa amarya ta sha lalle, wane ne angon. Inna ta ce angon yana cikin akwati, a bar ta ta je ta gan shi.

Mai riƙe da na'urar wata yarinya ce 'yar bautar ƙasa, Bahausa, da ganinta ba ta yi barcin kirki ba. Ta gaishe da Inna da ladabi, ta karɓi katin, ta latsa. Hoton Inna ya fito a fuskar na'urar, hoton ranar rajista, kumatu cike, baki daidai, tana ɗan murmushi. Na daɗe ban ga wannan fuskar ba. Yarinyar ta ce Inna ta kawo babban yatsa. Ta ɗora shi a kan ɗan gilashin, muka jira. Na'ura ta ƙi.

Ta goge gilashin da gefen hijabinta, ta sake ɗorawa. Ta ƙi. Ta gwada manuni, ta gwada na tsakiya, ta bi yatsun dama ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya hannun Inna ta dube shi a haske, ta ɗago ta dube ni. Ni ma na sunkuya na duba, kuma wallahi ranar na fara kallon hannun uwata da kyau. Kan yatsun sumul suke, suna ƙyalli, babu zanen nan da Allah Ya yi wa kowa. Sai tsagogi kawai da tabo.

Na san inda zanen ya tafi. Hannun nan shi ya yi sussuka da surfe da wankin daddawa da tuyar ƙuli-ƙuli duk shekarun da nake makaranta. Sannan zinari ya zo ƙasarmu. Maza su haƙo duwatsu daga daji su kawo cikin gidaje, mata su farfasa su daka a turmi, su wanke garin da hannu a cikin kwano. Inna da tsufanta ta shiga, tunda kowa ya shiga. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen sai da yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa. Jikokinta biyu na wajen yayana sun tafi a wannan annoba. Aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka ce a mayar da aikin bayan gari, mata suka bi shi can. Ko ranar rajista da ƙyar injin ya ɗauki yatsunta, kuma bayan nan ta ƙara shekaru tana murzar dutse kafin ciwo ya zaunar da ita. A zaɓukan baya ma na'ura takan yi mata gardama, amma a lokacin akan cike wata takarda a bar mutum ya wuce. Wannan karon an ce babu wannan.

Kafin ka ce me, matan layi sun kewaye mu, kowa da maganinta. Wata ta ce a goga yatsan a goshi ya samu maiƙo. Aka goga. Wata ta ce a hura masa iskar baki. Wata ta ce ai bushewa ce, a tsoma a ruwa, wata kuma ta ce a'a, ruwan ne ke ɓatawa, a murza shi a ƙasa. Wata Bafulatana mai tallar nono a bakin ƙofar makarantar ta lakato man shanu ta shafa mata. Har alli aka samo a wani aji aka barbaɗa. Ba Inna kaɗai ba ce, akwai matan ƙauyenmu da dama da yatsunsu suka ƙi, shi ya sa kowa ta zama gwana. Duk abin da aka yi, yarinyar ta sake gwadawa ba ta ƙosa ba. Har hannun hagun da ya nannaɗe sai da muka buɗe yatsunsa da ƙarfi muka danna, Inna tana cije baki don zafi. Na'ura dai ta ƙi.

Sai yarinyar ta ce kada mu damu, akwai hanya ta biyu, na'urar tana gane mutum ta fuska. Da haka sauran matan suka tsallake. Aka zaunar da Inna a benci, aka juya ta ta fuskanci haske, ta ja mayafinta baya kaɗan. Yarinyar ta ɗaga na'urar ta ɗauka. Ta ƙi. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta sa aka koma inuwa. Ta ƙi. Ni kuwa ban yi mamaki ba, don na ga hoton da ke ciki kuma ina ganin wadda ke zaune. Bakin ya karkace, fatar ido ɗaya ta sauko, kumatun sun faɗa.

Wata daga cikin matan ta ce ai bakin ne, in da za a ɗan tallafe mata kuncin ya daidaita da na'urar ta gane. Ban tsaya tunani ba. Na zagaya bayan Inna, na zura hannuna ta ƙarƙashin mayafinta don kada ya fito a hoto, na tura kuncinta sama da yatsuna, na ɗan ja fatar idon. Fuskarta ba nauyi, taushi kawai da ƙashi. Ina riƙe da ita a haka a gaban jama'a, maza daga layinsu suna leƙowa, wakilan jam'iyyu sun yi cirko-cirko, wasu yara suna dariya ta taga. Yarinyar ta ɗauka, ta sake ɗauka. Sai na ji Inna ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta sauke shi.

"Sake mini huskata."

A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji. Ta gyara mayafinta da kanta.

Nan raina ya ɓaci, na manta ni malama ce. Na ce ga katinta, ga sunanta a jikin bango inda aka liƙa, ga mutanen garinsu kaf sun san ta, har ga waɗanda ta yi wa wankan jego a cikin layin nan. Wace shaida ake nema kuma? Babban jami'in rumfar ya taso ya ba ni haƙuri, ya ce doka ce, idan na'ura ba ta tantance mutum ba kuma aka ba shi ƙuri'a, lissafi zai saɓa, ana iya soke akwatin gaba ɗaya. Da jin an ambaci soke akwati sai wakilan jam'iyyu suka sa baki, kowannensu na tsoron kada ƙuri'ar ta abokin hamayya ce. Layin maza ya fara gunaguni cewa rana na yi. Har matan da suka taya mu goga yatsa suka koma wurarensu shiru. Ban ga laifinsu ba, su ma sun sha wahala kafin su iso.

Yarinyar ta miƙa wa Inna katinta da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta ji ana cewa idan hannu ya huta, kuma ana shafa masa man kaɗe kullum, wani lokaci zanen yakan dawo. Na ga a idonta ita ma ba ta gama yarda da maganar ba, ta dai rasa abin da za ta ba tsohuwa ta tafi da shi. Inna ta sa mata albarka.

Na kai ta gindin wata bishiyar dogon yaro a harabar makarantar na zaunar da ita. Na ce mu tafi gida, ni dama ban so zuwa ba. Ta ce ina na taɓa ganin an zo bakin akwati an juya. Sai wata dabara ta zo min, har na ji daɗin kaina. Na durƙusa kusa da ita na ce ta raɗa min wanda take so a kowace takarda, ni zan shiga in dangwala mata shi. Ƙuri'ata ta zama tata, tunda ni ba ni da wanda nake so.

Ta daɗe tana kallona da idonta mai kyau.

"Haka babana ya kan ce ma innata. Shi dawo daga wurin ƙuri'a shi ce, na jeha muna duka. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa jehawa da hannunta ba. Ni ban son a yi mini. Tahi ki yi naki."

Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Na tashi na koma layi, daga can baya, don kunya ba ta bar ni na nemi a ba ni gaba ba. Rana ta dake ni sosai kafin layi ya zo kaina. Na ɗora yatsana a kan gilashin, tun kafin in gama ɗorawa na'ura ta karɓa. Hannun da bai san komai ba sai alli da jan biro. Na shiga bayan ɗan shingen na tsaya da takardu a gabana, ina kallon alamomin jam'iyyu ba na ganinsu sosai saboda hawaye. Na dangwala. Da na fito Inna ba ta tambaye ni wa na zaɓa ba, ta dai kama yatsana ta duba tawadar, ta ce in ɗaga ta mu tafi.

Washegari muka koma Gummi. Wanda ya ci ya ci, ajina yana nan yana yoyo. Na bi ofishin masu rajista in ji ko za a sake ɗaukar hotonta, aka ce sai an buɗe rajista, kuma sai ta zo da kanta. Yanzu kuwa ko bakin ƙofa ba ta iya zuwa, sai dai in ɗauke ta in fitar da ita tabarma ta sha hantsi.

Amma maganar yarinyar nan ta zauna mata. Tun da muka dawo ta sa na sayo man kaɗe, yana cikin wani ɗan gwangwani a gefen shimfiɗarta. Kullum kafin in tafi makaranta sai ta miƙo min hannun dama in shafa mata a kan yatsu, in murza sosai. Idan na makara na ce sai na dawo, ranar ba ta cin abincin kirki. Ta hana kanta taɓa komai mai kaushi, ko tsintsiya ba ta yarda ta riƙe, wai hannun yana hutawa. Idonta ya yi rauni, ba ta iya gani da kanta, don haka ni take tambaya.

"Sun hwara hitowa?"

Sai in juya yatsan wajen haske in duba, ko da na san abin da zan gani. Sumul yake kamar jiya.

"Da saura, Inna."

Rediyo ya fara maganar zaɓe mai zuwa, kuma tana biye da shi. Takan ce to, in ƙara shafawa, akwai lokaci. Ni da ke ɗaga ta ina kwantar da ita na san yadda nauyinta ke raguwa a hannuna wata bayan wata. Sai in lakato man in kama yatsa na gaba.